Dodon Gyatsa da Hamma Buba

Jikata ce ta jawo wannan magana, ita da wayarta. Ina kishingiɗe a ƙofar ɗaki bayan la'asar, ina yin abin da tsofaffin malaman makaranta suka fi ƙwarewa a kai bayan ritaya, wato gyara wa masu karanta labarai a rediyo Hausarsu ba tare da sun ji ni ba, sai na ji ita da ƙannenta sun kurma ihu a gindin dogon yaro. Kafin in laluba takalmi ihun ya rikiɗe ya zama dariya. Wannan sauti, ihu da dariya cikin numfashi ɗaya, na san shi kamar yadda na san muryar mahaifiyata. Na taka na leƙa ta saman kawunansu. A jikin gilashin da bai fi sabulun wanki girma ba, ga shi nan yana fitowa daga tafki, katafaren kwaɗo mai gashin baki irin na tarwaɗa, ya haɗiye wani mai ƙiba ɗungurungum, ya lumshe ido kamar wanda ya sha kunun tsamiya, sannan ya saki gyatsa, malafar mutumin ta fito tana juyi a iska.

Na ce, "La'ilaha illallahu. Dodon Gyatsa!"

Jikar tawa ta ɗago. "Angona, har ka san shi?"

"Na san shi tun ubanki bai zo duniya ba. Ku kwantar da hankalinku, Tumbi zai dawo."

"Wane ne kuma Tumbi?"

"Mai ƙibar da aka haɗiye yanzu."

Ta dube ni irin duban da ake yi wa tsoho idan an fara zargin ƙwaƙwalwarsa. "Kaka, wannan fa ya tafi ke nan. Na kalla ya fi a ƙirga. Ba ya dawowa."

Na ce, "A naku."

Gaskiyarta ce, kuma ni ma tawa ce. A ko'ina cikin duniya mutumin nan ya mutu, sai a Gombe.

Lokacin da nake magana a kai, unguwarmu Bagadaza ba ta wuce 'yan gidaje da gonakin dawa ba. Da asuba jiniyar jirgin ƙasa ce agogonmu, sai amon taɓarya daga gida zuwa gida, kowace mace da irin lugudenta, har kana iya gane wadda ta kwana da fushi. Aikina shi ne ɗiban ruwa da yankan ciyawar akuya kafin in tafi kwalejin horon malamai, inda nake koyon Turanci da kuma raina duk wanda bai iya shi ba. Gidan silima kuwa wani dogon zaure ne mai rufin kwano, an toshe tagoginsa da buhunan auduga domin a samu duhu da rana tsaka. Yau shagunan sayar da tayil ne a wurin, kuma na tabbata masu shagunan ba su san irin mutanen da aka haɗiye a inda suke ajiye kujerunsu ba. A ciki akwai benci, akwai warin taba da gyaɗa da zufa, akwai kuma hasken nan da ke fitowa daga wani ɗan rami a bango, ya ratsa hayaƙi ta saman kawunanmu kamar sanda, ya je ya fashe a jikin farin bango ya zama mutane. Na karanta yadda majigi ke aiki, na ma zana shi a allo ga ɗalibai daga baya, amma har gobe ban yarda bayanin ya isa ba. Injin yana ƙara irin ta keken ɗinki. Ɗinki kuwa yake yi, yana ɗinke mana wata duniya a jikin tamu.

Yaran yau kowa da nasa gilashin, kowa da abin toshe kunne, ana kallo kamar ana shan magani. Mu taro muke yi wa fim. Ba ma jin abin da Turawan ke faɗa, ni da nake taƙama da Turanci ma rabi nake tsinta, saboda haka mu ke raɗa wa kowa suna, mu ke ba shi magana, mu ke gargaɗinsa. "Kai, kar ka shiga! Yana bayanka, ɗan banza!" In ya ƙi ji aka cinye shi, sai wani daga baya ya ce, "Wanda bai ji bari ba," zauren gaba ɗaya ya amsa, "Ya ji hoho!" Fim yakan zo ne a cikin wasu zagayayyun gwangwanaye, kowane da lambarsa, a ɗora wannan in ya ƙare a ɗora na gaba. Na Dodon Gyatsa ruwan sama ya dake su a bayan mota a hanyar zuwa, lambobin suka wanke. Mai majigin, wani da muke kira Na-Majigi, ya jera su yadda hankalinsa ya ba shi. Wannan duk daga baya na sani.

A daminar da fim ɗin ya zo, gidanmu ba gidan dariya ba ne. Yayana, Hamma Buba, yana koyon ɗinki a Kasuwar Gombe tare da amininsa Iliya, ɗan wata bazawara Batangaliya da ke zaune a tsallaken kwari, ta wajen Barunde. Keke ɗaya suke takawa a shagon maigidansu, kwano ɗaya suke ci. Iliya irin mutanen nan ne da ko gaisuwa suka yi maka sai ka dara. Wata rana suna dawowa daga kasuwa, Hamma zai raka shi gida, suka shiga kwarin. Ba a yi ruwa a gari ba ranar. Amma kwarin Gombe ba ya jiran a yi ruwa a kansa, in an yi a can tudu ya isa. Ruwan ya zo musu. Hamma ya kama saiwar wata bishiya da hannu ɗaya, ya riƙe Iliya da ɗayan. Abin da ya faru bayan nan babu wanda ya sani sai shi, shi kuwa ya daina magana. An tsinci Iliya can ƙasa da nisa, 'yan cocinsu suka yi masa sutura. Babanmu ya je gaisuwa, maƙwabta sun je, har maigidansu na kasuwa ya je. Hamma bai je ba.

Ya shiga ɗaki ya juya wa ƙofa baya. In an kai masa abinci sai a dawo da shi kamar yadda aka kai, sai dai ɗan ruwan koko da kakarmu Dada ke ɗura masa da faɗa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi asibiti aka ce jikinsa lafiya lau, abin da kowa ya riga ya sani. Babban abin da ke cin Dada shi ne gaisuwar da bai yi ba. Takan ce, "Mutuwa ba ta jin kunyar kowa, amma mai rai dole ya ji kunyar mai rai. Matar nan ta ciyar da shi kamar ɗanta." Sai kuma labari ya zo cewa Maman Iliya ta ɗaure kayanta, za ta koma garinsu can cikin duwatsu tunda ba ta da sauran kowa a birni, motar kasuwa kawai take jira. Kowa a gidan ya gane abin da wannan ke nufi. In ta tafi Hamma bai durƙusa a gabanta ba, to ƙofar da zai fito ta cikinta ta rufe, kuma mu ma mun yi rashi, sai dai namu yana numfashi.

Ni na kawo shawarar silima. Abokaina sun ce an kawo wani fim da mutum zai yi dariya har cikinsa ya ƙulle, ban tsaya tambayar me ke cikinsa ba. Babanmu ya ce gidan 'yan iska ne, ɗansa ba zai taka ba. Dada ta gyara zama ta dube shi.

Ta ce, "Kai Ardo, malamai sun yi nasu, likita ya yi nasa. Bar shi ya kai shi wajen 'yan iskan, wataƙila sun san abin da ba mu sani ba."

Baba ya ce, "Dada, mutane fa za su yi magana."

"Su yi. Da ya mutu a ɗaki ma za su yi, har da shinkafa."

Na kama hannun Hamma, ya biyo ni kamar rago. Bai tambayi ina za mu ba.

Farkon fim ɗin ya yi mini yadda nake so. Wani ɗan ƙauyen Turawa ne a bakin tafki, da wani mai ƙiba da ba ya wuce abinci, ko na wane ne. Tun fitowarsa ta farko zauren ya raɗa masa Tumbi. Yana da aboki siriri mai tsoro, wanda muka sa wa Tsinke. Sai dodon ya fito. Yanzu da na gan shi a wayar jikata na lura roba ce, har ana iya hango inda aka haɗa ta a wuya. Amma a jikin bangon nan ya fi bishiyar kuka tsayi, kuma da ya buɗe baki sai da 'yan bencin gaba suka kwanta a kan na bayansu. Wani ɗan dako kusa da ni ya fara karanta duk abin da ya haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Dodon ya haɗiye ɗan sandan ƙauyen, muka ƙame. Ya yi gyatsa, hular ta fito, zauren ya fashe. Ban taɓa sanin tsoro da dariya ƙofa ɗaya suke fita ba sai ranar. Kana tsakiyar ihu sai ka ji ya juye a maƙogwaronka, ba ka san lokacin da ya juye ba. Na saci kallon Hamma. Idonsa na kan bango, fuskarsa kamar an shafe allo.

Sai aka zo wurin da na yi da-na-sanin haihuwata. Tumbi da Tsinke suna gudu a kan wata gada ta katako, dodon ya kamo ƙafar Tumbi da harshe. Tsinke ya riƙe ƙarfen gadar da hannu ɗaya, ya riƙe abokinsa da ɗayan. Aka nuno hannuwan nan biyu, manya, sun cika bango, yatsu suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sannan suka rabu. Malafa ta tashi sama, mutane suna ta kyakyata dariya. Na ji numfashin Hamma ya sauya, yana fita da wani ɗan sauti kamar na ɗan akuya. Ya kama bencin har yana rawa.

Na ce, "Hamma, tashi mu tafi. Don Allah tashi."

Bai motsa ba. A daidai nan gwangwanin ya ƙare, bango ya yi fari, zauren ya ɗauki fito da zagin Na-Majigi kamar yadda aka saba. "Na-Majigi, ko kai ma an haɗiye ka ne?" Na ja hannun Hamma, ya fi dutse nauyi. Injin ya sake kama ɗinkinsa.

Hasken ya dawo a kan wani dogon teburi na biki. A kan teburin akwai gasasshiyar kaza. A bayan kazar kuwa, da malafarsa a ka, da tsumma a wuya, yana zare ido yana lasar yatsa, Tumbi ne.

Sai ɗan dakon nan ya miƙe tsaye a kan benci ya ɗaga hannu biyu.

"Ya amayo shi! Wallahi ya amayo shi!"

"Ya fi ƙarfin cikinsa!"

"Dama wa zai iya narkar da wannan?"

"Daga cikin dodo sai kan kaza! Kai Tumbi, ka ji tsoron Allah!"

Na ga taro iri-iri a rayuwata, ban sake ganin murna irin wannan ba. Mutane suna rungumar waɗanda ba su sani ba. Ana dukan kwanon rufi da sanda. Ni kuwa, ɗalibin kwaleji, nan take na gano abin da ya faru, domin gadar da dodon ya karya ga ta can a bayan Tumbi lafiya lau, ɗan sandan da aka cinye tun farko ma ga shi yana rawa da amarya. Gwangwanin farko-farko ne aka ɗora a tsakiya. Har gyaran ya zo mini bakin leɓe, don malami ko a jana'iza ya ji an yi kuskure sai bakinsa ya yi ƙaiƙayi. Sai na ji wani abu a gefena. Hamma ne. Dariya yake yi, wata irin dariya mai tsatsa kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, idonsa na kan Tumbi da ke cusa cinyar kaza a baki. Dariyar ta yi ta hawa har ta karye ta zama kuka, kukan ya koma dariya, ya kifa kai a kafaɗata yana yin duka biyun. Babu wanda ya waiwayo, domin rabin zauren hawaye suke sharewa. Na haɗiye gyarana. A duk shekarun da na yi ina koyarwa, wannan ne shirun da na fi alfahari da shi.

Haka fim ɗin ya zauna a Gombe. An ce da Na-Majigi ya gane kuskurensa ya jera gwangwanayen daidai, sai da aka kusa rushe zauren, ana jifan ramin majigi da ɓawon rake ana cewa ya yanke fim, ya fito da Tumbi ko ya fito da kansa. Dole ya mayar da kuskuren. Duk lokacin da aka sake kawo shi, haka ake ɗora shi, kuma akwai dattawa a garin nan, wasu har da jikoki a jami'a, da za su dafa littafi su rantse sun ga lokacin da dodon ya yi aman. Na yi ta tunanin abin da ya sa wannan kwaɗon roba ya ƙi tsufa, alhali finafinan da suka fi shi tsada da hankali sun bi ruwa. Abin da na iya kaiwa gare shi shi ne, kowa yana da abin da ya haɗiye masa wani. Ba a iya kallon wannan abu ido da ido. Amma in aka sa masa gashin bakin tarwaɗa aka sa shi gyatsa, sai a iya zama a gabansa har a ci gyaɗa.

Da muka fito rana ta yi ja, ba a kira magariba ba tukuna. Na nufi hanyar gida, sai na ga Hamma ya yi wata hanyar. Na bi shi. Ya tsaya a bakin kwarin. Babu ruwa sai yashi mai laima da tarkacen kara da ambaliya ta rataye a jikin saiwoyi, sama da tsayin mutum. Ya daɗe yana kallon wata bishiya. Sannan ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya gangara. Bai tsaya ba sai da ya hau ɗaya gefen.

Mun sami Maman Iliya a tsakar gida, a kan kujera 'yar tsugune, tana tuƙa tuwo a 'yar ƙaramar tukunya, irin tuƙin mutum ɗaya. Kayanta na jingine da bango a ɗaure, tabarma da akwati da turmi. Hamma ya yi sallama da muryar da ban ji ba tun ranar ruwan. Ta ɗago ta gan shi, muciyar ta tsaya a hannunta. Ya yar da takalmansa ya zube a gabanta, gwiwa biyu, ya kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Mama, hannuna ne. Hannuna ne ya sake shi."

Ta ajiye muciyar. "Kawo hannun in gani."

Ya miƙa. Ta juya shi, ta bi sawun farce da ya warke a wuyan hannun da ɗan yatsanta, a hankali, kamar mai karatu.

Ta ce, "Wannan ba hannun da ya saki ba ne, Buba. Ƙwacewa aka yi." Ta riƙe shi ba ta sake ba. "Kowa ya zo ya ce in yi haƙuri. Fasto ya zo, babanka ya zo, Allah ya saka musu. Amma babu wanda ya iya gaya mini yadda ɗana ya tafi. Kai kaɗai ka ga fuskarsa. Na ɗaure kaya na kwance, na ɗaure na kwance, ina cewa yaron nan zai zo. Ya ji tsoro? Ya kira ni?"

Hamma ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ya ce, "Ruwan yana nan a ƙirjinmu. Ina jan shi, na kasa. Sai ya dube ni ya ce..." Ya tsaya, kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Ya ce me?"

"Ya ce, kai Bafillace, kullum ina ce maka ka ci tuwo, ka ce fura. To ga ranar tuwo ta zo."

Maman Iliya ta ƙura masa ido.

Hamma ya ce, "Yana dariya, Mama. Wallahi yana dariya babban ruwan ya zo."

Sai ta saki wata ƙara da ban san sunanta ba a Hausa ko a Turanci, ta dafe kai, ta ce wani abu da yarensu, ta sake cewa da Hausa, "Shi ne! Ɗana ne! Ko a bakin kabari sai ya tsokani mutum, haka ubansa yake!" Tana dariya hawaye na bin haɓarta, ta jawo kan Hamma ta haɗa da ƙirjinta, suka yi ta yi su biyu. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da takalman da ya yar, ban san inda zan sa idona ba, sai na sa shi a kan tukunya, na ga tuwon yana neman kamawa.

Ita ma ta ji ƙaurin. Ta share fuska da gefen zane, ta sauke tukunyar, ta kwance ɗaurin kayan ta zaro kwano. Ta kwashe tuwon duka, nata na mutum ɗaya, ta zuba miyar kuka a kai, ta tura gaban Hamma.

Ya ce, "Mama, naki ne."

Ta ce, "Ka dai ji abin da ya ce maka."

Hamma ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya cinye tas.